Gyara Cokali Bibbiyu

Ranar walimar dawowar yayarku Hadiza, ina zaune a ƙofar gidanmu na unguwar Badariya, na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana gaya wa baƙi cewa da ba don ilimin eksire na Baba ba, da binciken nan bai kammala ba. Baƙi suka juyo suna dubana da girmamawa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na gyara zaman hula na ce, “To, an dai taɓa ɗan abin da ya sawwaƙa.” Uwarku tana bayan labule, na ji ta yi wani tari wanda ba na mura ba. Tun daga ranar labarin yake ƙara ƙiba a bakinku, har kwanan baya na ji jikana yana cewa wai Turawa sun bugo mini waya suna neman shawara. Babu Baturen da ya taɓa bugo mini waya. Ga yadda abin ya faru, in kun gama dariya ku gyara abin da kuke gaya wa ’ya’yanku.

Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin hoto na asibiti ina ɗaukar eksire. Babu ƙashin da ban gani ba: na ’yan kabu-kabu, na tsofaffin da suka zame a bakin rijiya, har ƙugiyar kamun kifi na gani a tafin hannun masunci. Duk wanda ya shigo ɗakina, ko hakimi ne, sai ya tuɓe riga, in ce ja numfashi ya ja, in ce riƙe ya riƙe, in ce kada ka motsa ya sandare. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hana manya numfashi, ai dole ya ɗauka ya san wani abu. A unguwa Dakta ake ce mini, ban kuma taɓa cewa a daina ba. Abokina Bitrus, mutumin Filato da aiki ya kawo Birnin Kebbi ya zauna har furfura, shi ne a ɗakin gwajin jini, ƙofarsa tana kallon tawa, katangar gidansa tana jingine da tamu. Shi ma Dakta yake ce mini, sai dai yana jan kalmar yadda kowa zai gane ba da gaske yake ba.

Asalin maganar kuwa shinkafar gwaggonku Kulu ce, yayata da ta rene ni bayan rasuwar innarmu. Tana Argungu, sana’arta gumi. Ku da kuka tashi kuna ganin shinkafa a buhu kawai, gumi shi ne a jiƙa shanshera, a turara ta a rabin duro, a shanya, sannan a kai injin casa. Mata da yawa suna yi, daga Zauro har Argungu, amma ta mafi yawansu in ta shiga inji sai ta fito a kakkarye, ta Yaya Kulu kuwa ta fito ƙwaya-ƙwaya, doguwa, ba ko tsaga. Hadiza tun tana ’yar firamare take tambayarta me ya sa, ita kuma amsarta ɗaya ce: “Hannu na, ɗiyata.” Yayarku kun san ta, ba ta karɓar irin wannan amsa. Tambayar nan ce ta ja ta har jami’a, ta ja ta har ƙasar Turai neman digiri na uku, muna nan muna ƙirga shekaru.

A shekararta ta ƙarshe, ko in ce wadda muka ɗauka ita ce ta ƙarshe, ta bugo mini waya tana murna, wai ta samu layi a wani inji mai suna sinkurotiron. Ta ce gini ne zagayayye, ya fi filin ƙwallo girma nesa ba kusa ba. A cikinsa akwai bututu da aka lanƙwasa ya zama zobe, ƙananan ƙwayoyin lantarki suna gudu a ciki kusan da saurin haske, duk kwanar da suka sha sai su zubar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, siriri kamar gashi. A gefen zoben an yi ɗakuna masu ƙofar dalma. Za ta yanka ƙwayar shinkafa siririya, ta ɗan jiƙa ta, ta ajiye a gaban hasken, kowa ya fita, a rufe ƙofa. Hasken zai ratsa ta ya tarwatse, ya faɗa kan wani allo can ƙarshen wani dogon bututu, ya zana da’ira. Da faɗin da’irar ake lissafa yadda sitaci ya jeru hawa-hawa a cikin ƙwayar, kowane hawa kuwa sai ka tsaga gashin kai wajen gida dubu goma kafin ka kai sirantarsa. Inda zafi bai ratsa ba, hawa-hawan suna nan, da’ira za ta fito. Inda ya ratsa sosai sun narke sun haɗe, da’irar ta ɓace. Ba a jere na ji wannan bayani ba, don sau biyar ko shida na katse ta.

“To ina hoton shinkafar?”

“Babu hoto, Baba. Da’ira ce kawai take fitowa.”

“Eksire ba hoto? Wa ya koya wa mutanen nan aiki? Mu a zamaninmu, fim ya fito babu ƙashi, sai ka sake.”

“Baba, wannan ba inuwa yake ɗauka ba, yadda hasken ya…”

“Kina dai sa rigar dalma ko?”

Ta yi dariya ta ce ba a tsayawa a ɗakin ma. Sannan ta gaya mini abin da ya kamata in saurara da kunne biyu. Mutane daga ko’ina a duniya suke rubuta takardar neman injin nan, ta yi fiye da shekara tana jira, kuma kwana biyu rak aka ba ta, daga safiyar Talata zuwa safiyar Alhamis. In kwana biyun nan suka tafi a banza, sai ta koma bayan layi, wato wata shekarar a can. Abin da take so daga gida kaɗan ne: shinkafar mata goma sha biyu masu gumi, har da ta gwaggonta, kowacce cokali ɗaya, a ƙulle daban, a rubuta suna. Kada a wanke, kada a tsince, kada a haɗa, kada a ƙara komai. Sau uku ta maimaita. Na ce mata, “Ke Hadiza, ni za ki koya wa aikin asibiti?”

Da motar Bitrus muka yi yawon. A Zauro mata suka kewaye mu a bakin duro suna ƙyalƙyala dariya, wata ta ce, “Cokali guda? Ɗiyar taka tsuntsuwa ta?” Bitrus ya sa safar hannu kamar zai ɗebi jini, kowace ƙulli ya manna mata filasta ya rubuta suna da unguwa da manyan baƙaƙe. A Argungu Yaya Kulu ta ɗebo cokali, ta shafe samansa da yatsa, ta ƙulle da kanta, ta ce in gaya wa Hadiza ta ci abinci.

Ranar da wani malamin jami’a mai tafiya ƙasar zai biyo ya karɓi saƙon, na jera ƙulle-ƙullen a kan faifai na tsaya ina kallo. Wallahi zuciyata ta ƙi. ’Yan mitsi-mitsin abubuwa guda goma sha biyu, kamar ƙullin kanwa, wasu duk karyayyu, wata ma da ɗan dusa-dusa. Wannan ne zai tashi daga Kebbi, ƙasar shinkafa, ya shiga jirgin sama da sunan gidana? Ni tunda na yi wayo ban taɓa ganin an auna wa mutum hatsi an miƙa masa hakanan ba gyara ba. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ya zo awo, in an cika mudu sai an ɗora masa ɗan hannu a kai. Balle ’yar cikinka, balle a gaban baƙin ido. Na ce wa uwarku ta miƙo mini cokali.

“Malam, yarinya ta ce kada a taɓa.”

“Ta ce, na ji. Amma Turawan nan su ga wannan, ai sai su ce yunwa ake yi a garinmu.”

“Su ce. Ita dai ta ce kada a taɓa.”

“Hajiya, shekara talatin ina wannan aiki. Mutum ya ci tuwon shinkafa malmala uku, na ɗauki hoton cikinsa, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba. Eksire bai ma san shinkafa ba, balle ya san ta wance da ta wance.”

Ta dube ni, ta ɗauke cokalin ta mayar kicin, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna. Ko ƙarar rufe ƙofa ba ta gama mutuwa ba na ɗauko cokalin shayi. A ɗakin ajiya akwai buhun da Yaya Kulu take aiko mana duk kaka, mafi kyawun shinkafar da ke gidan. Na kwance kowace ƙulli a hankali don kada filastar Bitrus ta yage, na zuba cokali bibbiyu, na ƙulle, na girgiza sosai don kada a ga bambanci. Da na gama sai ga su sun yi ɓul-ɓul, sun yi kyan gani. Na miƙa wa malamin jami’a da hannu biyu, raina fes.

Bayan wata guda, ranar Laraba da hantsi, ina shan kunu, waya ta yi ƙara. Tun daga sallama na san ba lafiya ba, don muryar Hadiza ta dushe. Ta ce kwana ɗaya cur ya tafi. Shinkafar da take karyewa da wadda ba ta karyewa duk abu ɗaya suke nunawa, ba da’ira. Sai can ba zato ƙwaya ɗaya ta nuna da’ira, in Hadiza ta ɗauko wata daga wannan ƙullin, sai ta ƙi. Dattijon da ke kula da injin ya sake saita shi har sau uku, ya kwance wani sashe ya mayar, yana ta ba ta haƙuri, yana cewa wataƙila laifin na’urarsu ne.

“Baba, ban san abin da na yi ba daidai ba. Shekara huɗu.”

Na ajiye kwanon kunun. Kun san abin da ubanku ya ce? Cewa na yi, “Kun duba fim ɗin kuwa? Wani lokaci haske yana shiga.” Ta ce babu fim, Baba, ta yi sallama ta kashe.

Na zauna da waya a hannu. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi shiru. Ga inji can ya ɗauki laifi, ga dattijon Bature yana ba da haƙuri, wa zai taɓa sani? Ina cikin wannan lissafi na ɗaga kai, sai ga uwarku tsaye a ƙofar kicin. Ba ta ɗaga murya ba.

“Na tsinci cokalin shayi a cikin buhun Yaya tun watan jiya. Na yi ta roƙon Allah ya sa ɓera ne ya kai shi.”

Na ce ɓeraye ai suna da ƙarfi yanzu.

“Malam, awa nawa suka rage mata?”

Na ɗaga wayar. Na danna lambar Hadiza. Na taɓa gaya wa mutane ƙashinsu ba zai sake haɗuwa ba, amma ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara da darajar Kebbi, na bi ta kan tarbiyyar da aka yi mana, har dai na iso wurin. Ina jin wata na’ura tana ƙugi a bayanta.

“Baba, cokali nawa?”

“Bibbiyu.”

“A duka?”

“A duka. Ban bar kowa ba.”

“Ka girgiza?”

“Na girgiza sosai.”

Na ji ta ja numfashi. Na jira faɗa, na ma fi son ta yi faɗan, amma yayarku ba ta yi ba. Ta ce ƙullin Gwaggo lafiya lau yake, tunda tata aka ƙara a kan tata. Sauran goma sha ɗayan ne matsala, kuma ita a idonta duk shinkafar gumi ce, ba za ta iya rabewa ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya duban ƙwaya ya ce tasa ce ko ba tasa ba. Wayar Yaya Kulu kuwa ’yar ƙarama ce mai tocila, ba ta hoto. Ta ce, “Baba, ka kai mata wayarka. Yanzu.”

Na leƙa ta katanga na kira Bitrus. Sai da muka fita gari muka hau titin Argungu na gaya masa dalilin tafiyar. Ya taka birki har hulata ta faɗo kan cinyata.

“Daaakta! Ka buɗe samfur ɗin da na rufe da hannuna?”

“Gyara kawai na yi.”

“Gyara! Da jinin mutum ne fa? A kawo mini jinin mara lafiya, in ga ya yi kaɗan, in ƙara masa da na mai lafiya don kada a raina shi?”

“Ai jini daban, shinkafa daban.”

“Shekara talatin ina cin abinci da kai, ashe Allah ne kawai ya tsare mutanen garin nan.”

Haka ya yi ta yi har muka wuce fadama, in ya yi shiru na minti biyu sai ya buga sitiyari ya ce, “Ya girgiza!” Ni dai ina kallon shanu ta taga.

Mun sami Yaya Kulu a tsakar gida tana juya shanya da ƙafa. Ta haura saba’in a lokacin, amma idonta ko tabarau bai sani ba. Ita ba ta taɓa ce mini Dakta ba sai in za ta ci mutuncina. Da sunana Sanda take kirana, tun ina yawo ba wando.

“Sanda, lahiya da rana tsaka? Wa yam mutu?”

Na durƙusa, ni da furfurata, na faɗi abin da na yi da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce in maimaita, kunnenta ya tsufa. Na maimaita. Sai ta juya wajen katanga ta ɗaga murya.

“Ke Hajo! Ke Ige! Ku taho ku ji abin da Dakta yay yi!”

Sai da maƙwabta suka cika tsakar gidan ta sa na faɗa karo na uku. Na ɗauka kwanan Hadiza da ya salwanta ne zai fara ɓata mata rai. Ina! Wani wuri daban abin ya soke ta.

“Tsaya. Ka ɗauki tawa ka zuba cikin ta mutanen Zauro? Kenan da injin yac ce tasu na da kyau, gumina na anka yaba da sunan wasu? Shekara hamsin ina shan hayaƙi! Kira man ɗiyata.”

Nan wata matsalar ta taso: cajin wayata ya kusa ƙarewa, unguwar kuma ba wuta. Dole aka jona ta a motar Bitrus, igiyar cajin kuwa ba ta fi kamu biyu ba. Haka aka buɗe wa Yaya Kulu gidan gaba ta shiga ta harɗe, inji yana aiki, ni ina durƙushe a bakin ƙofar mota riƙe da waya a gaban fuskarta, matan unguwa sun yi mana rumfa. Can ƙasar Turai Hadiza ta zuba ƙullin farko a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta juya wayarta ga allonsa. Ƙwaya ɗaya ta cika fuskar wayar, ta yi girman doya. Mata suka ɗauki salati.

Yaya Kulu ba ta yi salati ba. Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido.

“Juya ta. Awo. Wagga tawa ta, hidda ta. Kin ga jan zaren ga na bayanta? Injin unguwarmu tsoho na, ba ya cinye shi. Kuma dibi launi, kamar zuma. Kawo wata.”

Aka kawo wata.

“Tawa ta. Wata. Tawa ta. Kai Sanda, Allah shi shirye ka. Wata. Yawwa, wagga ba tawa ba ta, dibi tsakiyarta, wuta ba ta kai ba. Tawa ba ta da hwarin ciki.”

Bitrus daga kujerar direba ya ce, “Ai Dakta ma yau ba shi da shi, Mama.” Matan nan suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa.

Can sai ga fuskar dattijon mai kula da injin ta leƙo a wayar, yana ɗaga hannu yana murmushi. Yaya Kulu ta ja mayafi ta ce a gaya masa ya kau, yana tare mata haske. Shi bai yarda da ido ba tukuna, ya ce a gwada. Suka ɗauki ’yan ƙwayoyi daga waɗanda ta ware, suka shiga ɗakin dalma, muka ji jiniya, muka ji an rufe ƙofa. Muka tsaya jira a cikin rana. Da Hadiza ta dawo muryarta ta canja. Waɗanda Gwaggo ta ce nata ne, babu da’ira ko ɗaya. Waɗanda ta ce ba nata ba ne, ga da’ira nan ta fito, wata ƙarfi-ƙarfi, wata dishi-dishi. Ta juyo mana allon, na ga abin da idona: wani zagaye mai haske a kan baƙi, shi ke nan. Na buɗe baki zan yi sharhi, na tuna matsayina, na rufe.

Aka ci gaba, ƙwaya bayan ƙwaya. Muka tsaya muka yi azahar, muka dawo. Hannuna ya gaji, ya fara rawa, shinkafar tana tsalle a fuskar wayar. Yaya Kulu ta dube ni ta gefen ido.

“Ja numfashi, Sanda. Riƙe. Kak ka motsa.”

Har Hadiza sai da ta yi dariya daga can, dariyar farko da na ji daga bakinta a ranar, ni kuwa na ji ta har cikin ƙashina.

Amma dariya ba ta mayar da awannin da suka wuce ba. Bayan la’asar idon Yaya ya fara ruwa, tana sharewa da gefen mayafi tana cewa hayaƙin mota ne. Kafin magariba ta fara cewa a sake juya mata ƙwaya sau biyu, sau uku, daga baya ta ce ba za ta yi wa ɗiyarta ƙarya ba, ta daina gani. Ƙulli shida muka rabe. Biyar suka rage, duk na matan Zauro. Hadiza ta yi godiya, ta ce abin da ya rage mata na lokaci ma da ƙyar zai ishi shidan. Kafin ta kashe, Yaya ta karɓe wayar daga hannuna ta ce, “Kin ci abinci?” Hadiza ta ce za ta ci. A hanyar komawa Bitrus bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, wannan ya fi tsokanar ciwo.

Shida ba su isa ba. Malamanta suka ce aikin yana da kyau amma sai an cika, ta sake rubuta takarda ta koma bayan layi. Shekara guda cur na ƙara wa ’yata a ƙasar sanyi da cokalin shayi. Uwarku ta riga ta share ɗakin Hadiza, ta ɗinka sabon labule, ta shimfiɗa zanen gado. Ta naɗe zanen ta mayar akwati, ta ja ƙofar. Azumi ya zo ya wuce, salla biyu suka wuce ba Hadiza. Matan Zauro kuwa duk wadda ta gan ni a kasuwa sai ta ce, “Dakta, mi injin yac ce da tawa?” Na koma sayen kayan miya a wani layin.

Da layinta ya sake zagayowa, ina zaune a falo wayar uwarku ta yi ƙara. Saƙon murya ne, ta kunna a gabana don ba ta iya rage sauti ba.

“Mama, an ba ni kwana biyu. Cokali ɗai-ɗai, mata goma sha biyu, ke za ki ƙulle da hannunki. Baba Bitrus zai rubuta suna. Ki gaishe da Baba.”

Na ciro tawa wayar na duba ko nawa saƙon yana hanya. Na duba da la’asar, na duba washegari. Ranar tafiya Zauro uwarku ce a gidan gaba, ni ina baya. Aikina shi ne in buɗe bakin leda in an zo zubawa. Da muka dawo ta jera ƙulle-ƙullen a akwatinta, ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, a gabana, ba da fushi ba.

Sauran kun sani: ta gama, ta dawo, aka yi walima, aka ce ilimin Baba ne. Ita ba ta taɓa ƙaryata ku ba, ba ta kuma taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Har yau duk Juma’a tana kirana. Tana tambayar gwiwata, tana tambayar ruwan sama, tana tambayar ko na sha magani. Amma tun daga waccan Larabar ba ta sake yi mini bayanin aikinta ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Gwaggonku ta sani, uwarku ta sani, Bitrus ma ya sani, har matan Zauro an tara su an gaya musu abin da za su canja a guminsu. Ni kaɗai ne a gidan nan ban san amsar tambayar da ’yata ta yi shekara biyar tana nema ba.

Hadiza, na san wannan rubutu zai iso hannunki. Ina so in ji me ya sa shinkafar Yaya ba ta karyewa, tun daga farko, yadda kika so gaya mini a waya. Ki zo da rana, ki zauna. Zan yi shiru har ki kai aya.